Kanyar da Ta Faɗo Bayan Katanga

A wata ranar hunturu, bayan an idar da sallar la'asar, ina tafe a ƙasa ta wani lungu da ke tsakanin kasuwar Samaru da Hayin Dogo, sai na tarar da wani dattijon maigadi ya cakumi wuyan rigar wani almajiri, wanda a ƙiyasina bai haura shekara tara ba, yana jijjiga shi yana kiransa ɓarawo, alhali abin da aka kama yaron da shi bai wuce 'ya'yan kanya ba, waɗanda ko gindin robarsa ta bara ba su rufe ba. Itaciyar kuwa tsohuwa ce, ta girmi gidan, ta girmi mai gidan. Gindinta yana cikin katanga, amma rassanta sun miƙo sun yi wa hanya rumfa. Na yi sallama na ce, “Baba, a yi haƙuri mana, me ya yi?” Yaron ya riga shi magana, yana kuka: “Wallahi Baba ban yi jifa ba, a ƙasa na tsinta.” Maigadin ya sake shi, ya dube ni ya ce, “Malam, ni ma ba a son raina ba ne. Alhaji ya ce duk ranar da ya sake jin ƙarar dutse a kan kwanon ɗakinsa, to a bakin aikina.” Na duba fuskokinsu su biyu, ban ga alamar ƙarya ga ko ɗaya ba, na wuce gida ɗauke da wata mas'ala wadda ta daɗe tana cin raina.

La'alla wani ya ce, ina amfanin ɓata tawada a kan 'ya'yan kanya goma a zamanin da manyan masifu suka dabaibaye ƙasa? Amsata ita ce, malaman fiƙihu na farko, waɗanda suka fi mu sanin abin da ya cancanci tawada, ba su raina irin wannan tambaya ba. Sun tsaya a kan dabino guda da ya faɗi a hanya, sun tsaya a kan nonon akuyar da makiyayinta ba ya kusa, domin sun fahimci cewa ma'anar mallaka, da iyakarta, da abin da ya rage na haƙƙin Allah a cikin abin da bawa yake kira nasa, duk sun fi fitowa sarari a kan ƙaramin abu, inda son zuciya ba shi da wata babbar riba da zai ɓoye bayanta.

Kafin a kai ga hukunci ya kamata a san yadda kanyar nan ta shiga bayan katanga. Sabon Gari bai kafu ba sai da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya a wajen 1911, sa'ad da Turawa suka keɓe wuri nesa da ganuwa saboda ma'aikatan jirgi da baƙin 'yan kasuwa. Samaru kuwa ta taso ne daga gonar gwaji da hukumar aikin gona ta buɗe a 1922, wadda daga baya ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da aka kafa jami'ar a 1962. Abin da ke tsakanin waɗannan wurare biyu, inda yanzu Kwangila da Hanwa da Palladan da Zango suka riƙe hannun juna har baƙo ba ya gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara, gonaki ne da saura da fadamun Kubanni. Manomin ƙasar Zazzau kuwa, in ya zo sharar daji, ba ya aske gona ƙwal. Yakan bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da kanya a tsaye, ya yi noma a ƙarƙashinsu, saboda ya san cewa shekarar da dawa ta ƙi, su ba za su ƙi ba. Yawancin tsofaffin itatuwan da muke gani yau a maƙale tsakanin shaguna da gidajen haya ragowar waɗancan gonaki ne, gari ya zo ya same su a inda suke.

Yaron da ya tashi a wancan zamani yana da kalandarsa wadda ba a rataye ta a bango. Da bazara ɗorawa ce, da garinta mai rina baki rawaya, uwa kuma ta karɓe kalwar ta yi daddawa. Da faɗuwar damina, daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa kuma sabon amfani bai iso ba, kaɗanya takan zubo da 'ya'yanta, a sha zaƙin a tara ƙwallon saboda man kaɗe. Can cikin damina ɗinya ta nuna, mai baƙanta harshe, wadda ake dafa maɗi da ita. Da kaka har cikin hunturu ga magarya ga kanya. Akwai tsada mai tsami, akwai gwandar daji, akwai faru da taura da baure. Wani likitan Turawa mai suna Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai daga bakin mutanen ƙasar nan ya buga su a 1916, kuma abin da yake sa ni baƙin ciki shi ne, da yawa cikin sunayen da kowane ɗan kiwo ya sani a lokacin, yau sai ka bi layi guda a Muciya ko Cikaji ba ka sami yaro ɗaya da zai nuna maka itacen ba.

Al'ada kuma ba ta bar abin kara zube ba. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da suke cikin gona suna da masu su, ana gadonsu, ana faɗa a kansu gaban alƙali, ba wanda zai ɗauki ƙota ya kakkaɓe ɗorawar wani ya ce tsintuwa ya yi. Amma magaryar bakin hanya da kanyar saura da ɗinyar bakin rafi na wanda ya riga isa ne. Ko a gonar da take da mai ita, abin da ya faɗo ƙasa yaro ya ɗauka ya jefa a baki ba a kiransa sata, kamar yadda ba a kiran tsohuwar da ta shiga gonar gyaɗa tana roro bayan an kwashe amfani ɓarauniya.

Wannan al'ada tana da gindi a shari'a. Asalin abin da ya tsiro da kansa a ƙasar da ba ta da mai ita mubahi ne, wanda hannunsa ya riga kai masa ya mallake shi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa wata rana suna tare da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, a Marruz Zahran kusa da Makka, suna tsinkar 'ya'yan itacen arak, wanda ake yin asuwaki da shi, sai ya nuna musu su zaɓi baƙaƙen domin su ne suka fi daɗi. Sahabbai suka yi mamakin yadda ya san wannan, suka tambaye shi ko ya taɓa kiwon tumaki, ya tabbatar musu, ya ƙara da cewa haka annabawa suka yi. Ina son mai karatu ya tsaya a nan kaɗan. Mafificin halitta ya san nunannen ɗan itacen daji daga ɗanyensa, kuma ya koyi wannan ilimi ne a inda 'yan kiwonmu suke koyonsa. Wanda duk yake ganin tsinkar 'ya'yan itacen daji ƙasƙanci ne da aikin mayunwata, to ya sake duba abin da yake rainawa. Ko masu falsafar Turai sun zo wannan gaɓa: John Locke na Ingila, a ƙarshen ƙarni na 17, ya tambayi yaushe ne abin da mutum ya tsinta a gindin itace yake zama nasa, ya amsa cewa wahalar tsintar ce ta mallaka masa, bisa sharaɗin ya bar wa wasu isasshe, kuma kada ya tara abin da zai ruɓe a hannunsa.

Malamanmu na Malikiyya sun wuce nan, suka yi magana a kan abin da suke kira harimin gari, wato dajin da ke kewaye da gari, gwargwadon inda mai itace ko makiyayi zai fita da safe ya komo da yamma, suka ce wannan na mutanen garin ne gaba ɗaya, ba a barin mutum guda ya keɓance shi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da ƙasa take zama ta wani, harimi kuwa yana cikin abin da ya tattauna. Samaru da Sabon Gari sun cinye hariminsu. An yanka shi fuloti fuloti, musamman bayan dokar ƙasa ta 1978 da ta danƙa filaye a hannun gwamna a matsayin amana, kowa ya nemi takardarsa ya ja katangarsa. Takardar ta faɗi tsawo da faɗi da sunan mai fili, amma ba ta ce komai a kan yaron da kakansa ya ci kanyar nan ba tare da ya roƙi kowa ba.

Amma adalci ya wajabta a faɗi hujjar Alhaji, domin yana da ita, kuma mai ƙarfi ce. Itaciyar da ta shiga cikin mallakar mutum ta fita daga hukuncin mubahi, kuma ƙa'idar shari'a ita ce ba a cin dukiyar mutum sai da yardarsa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana a tatsi dabbar wani ba da izininsa ba, inda aka kamanta hantsar dabba da taskar da mutum ke ajiye abincinsa. A kan haka ne jamhurun malamai, har da namu, suka tafi a kan cewa mai wucewa ba ya cin 'ya'yan gonar wani sai in lalura ta matsa shi, ko da yake Imamu Ahmad ya yi rangwame a gonar da ba ta da shinge kuma ba ta da mai tsaro. Ban da haka, ɓarnar jifa gaskiya ce. Hausawa sun ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, amma a cikin gari jifan ba ya tsayawa a kan kuka. Yana huda kwano, yana fasa gilashin mota, yana rotse kan jaririn da ke goye a tsakar gida. Mutumin da ya gaji da wannan ba azzalumi ba ne don ya yi fushi.

To, ga yadda Annabi ya yi da irin yaron nan da irin mai gonar nan. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin Rafi'u ɗan Amru Algifari, wanda yana yaro yake jifan dabinon mutanen Madina, suka kama shi suka kai shi gaban Manzon Allah. Abin da aka fara yi masa shi ne tambaya, me ya sa yake jifa. Da ya faɗi cewa ci yake yi, sai aka hana shi jifa, aka halatta masa abin da ya faɗo ƙasa, aka kuma yi masa addu'a Allah ya ƙosar da shi. A wani hadisin, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka kawo, Abbadu ɗan Shurahbil ya shiga wata gona a shekarar yunwa, ya murza zangarniya ya ci, ya ƙulla saura a mayafinsa. Mai gonar ya doke shi ya ƙwace mayafin. Da maganar ta je gaban Annabi, mai gonar aka yi wa faɗa, saboda bai koyar da mutumin ba alhali jahili ne, bai kuma ciyar da shi ba alhali mayunwaci ne, aka sa ya mayar da mayafin, aka kuma ba Abbadu abinci. Da aka tambayi Annabi game da 'ya'yan itacen da ke rataye a bisa, sai ya bambanta mabuƙacin da ya ci da bakinsa a nan take da wanda ya ƙunsa ya fita da shi: na farko babu komai a kansa, na biyu akwai ramuwa da horo. Shi ya sa ma a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan birnin Zariya, aka bayyana cewa ba a yanke hannu saboda 'ya'yan itacen da ke rataye.

Wannan bambanci tsakanin baki da buhu ya ba ni mamaki ƙwarai, saboda duk inda na duba sai na same shi. Maƙwabtanmu Kirista na Sabon Gari suna da shi a Attaura, inda aka yarje wa wanda ya shiga garkar inabin maƙwabcinsa ya ci ya ƙoshi, amma kada ya zuba a mazubi. Dokar sata ta Ingila ta 1968 ita ma ta ce wanda ya tsinki 'ya'yan tsiron da ya fito da kansa a filin wani bai yi sata ba, sai fa in don sayarwa ya yi. Al'ummu da addininsu da harshensu suka bambanta sun haɗu a kan cewa cikin mutum yana da iyaka, kwaɗayinsa ne ba shi da ita. Saboda haka waɗanda suke tashi da asuba su kakkaɓe mangwaron mutane ɗanye shar, su cika buhuna su nufi kasuwar Sabon Gari, ba su da rabo a cikin wannan rangwame ko kaɗan. Haka nan wanda ya tsallaka katanga, ko ya shiga gonar gwaji inda kowane tsiro a ƙirge yake kuma wataƙila an fesa masa magani, shi ma ya fita daga maganarmu.

Abin da na tsaya a kansa, bayan na juya mas'alar ta kowace fuska, shi ne cewa yaron nan bai ci haram ba. Abin da ya faɗi a kan hanya, mai ƙarancin ƙima, wanda in ba a ɗauka ba akuya za ta ci ko taya ta murƙushe, yana cikin tsintuwar da ba a cigiyarta. Annabi kansa ya ga dabino a hanya, kuma abin da ya hana shi ci kawai tsoron kada ya zama na sadaka ne, wadda ba ta halatta gare shi. Amma wannan amsa ba ta kashe mas'alar ba, domin gobe yaron zai ɗaga kai ya ga nunannu a reshe. A nan ne nake ganin ainihin abin da gari ya yi mana. A ƙauye ba wanda yake neman izini kafin ya miƙa hannu ga magarya, ba don izini ba shi da muhimmanci ba, sai don urfi ya riga ya ba da shi. Kowa ya san mai gona, an san uban yaro, an san abin da ake yafewa da abin da ba a yafewa, malamai kuwa sun ce abin da urfi ya tabbatar yana tsayawa a matsayin abin da aka furta. A Samaru da Sabon Gari, inda Bazazzagi da Bayarabe da Inyamuri da Bajju da ɗalibi da ɗan haya suke zaune a layi ɗaya, mai gida bai san almajirin ba, almajirin bai san mai gida ba, urfi ya yi shiru. Inda urfi ya yi shiru kuwa, babu abin da zai maye gurbinsa sai furucin mai dukiya. Nauyin magana ya koma kan Alhaji. Shi ne mai ilimi, shi ne mai wadata, shi ne wanda kalma guda daga bakinsa za ta mayar da shubuha halal tsantsa.

Kuma ba asara zai yi ba. Muslim ya ruwaito cewa duk itacen da Musulmi ya dasa, abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ce ga mai shi, har abin da aka sata ma. Ina kyautata zaton cewa wanda ya tarar da itace a filinsa, ya bar shi, ya kiyaye shi daga gatari, ba zai rasa wani kaso na wannan lada ba. A ɗaya ɓangaren kuma ga ƙissar masu gona a Suratul Ƙalam, waɗanda suka yi rantsuwa za su yi sammakon girbi don kada wani miskini ya shigo musu, suka wayi gari suka tarar da gonar ta ƙone ƙurmus. Laifinsu ba ƙwacen kayan wani ba ne. Nasu suka so su rufe ruf.

Akwai wani abu kuma da ya fi fiƙihu zurfi a zuciyata. Yaron da duk abin da ya taɓa shiga bakinsa daga leda ya fito, bayan an miƙa kuɗi, zai yi wuya ya gane ma'anar sunan Allah Arrazzaƙu face a haddace. Amma yaron da ya tsaya gindin magarya wadda ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya yi mata ban ruwa, ta yi wata da watanni cikin rani tana ƙaya, sa'an nan ta zubo masa da zaƙi ba da ko kwabo ba, wannan ya ga arziki yana saukowa da idonsa kafin malami ya karantar da shi. Magarya kuwa ba ƙaramar itaciya ba ce a addininmu: Alƙur'ani ya ambace ta cikin ni'imomin Aljanna, ba ta da ƙaya, ya ambaci magaryar tuƙewa a daren Mi'iraji, kuma da ganyenta sunna ta koyar a yi wa mamatanmu wanka. Abin kunya ne a ce mutanen da za a nemi ganyen magarya ranar da suka mutu su ne suke tumɓuke ta da ransu don ta tare wurin ajiye mota.

Shekara ta kewayo na sake bi ta lungun nan. Kanyar babu ita. An sare ta, an shafe wurin da siminti, maigadin yana zaune cikin rana a kan benci. Ya gane ni, muka gaisa, ya ce Alhaji ya ce gara a huta da fitinar yara. Ban ga Alhajin ba, kuma ba na ɗora masa abin da ya wuce gajiya da rashin wanda zai ba shi shawara. Amma itaciyar da ta shekara fiye da shekarun jami'a tana ciyar da masu wucewa ta tafi cikin yini ɗaya, wanda duk ya dasa irinta yau kuwa sai ya yi shekaru masu yawa yana jira kafin ya ga ɗanta na fari.

Saboda haka nake kira ga limamanmu na Samaru da Sabon Gari su ba wannan babi ko da huɗuba ɗaya, ga malaman makarantun allo kuma su koya wa almajiransu hadisin Rafi'u kafin su sake su bara, ga masu unguwanni su sa baki kafin a sa gatari. Kai kuwa ɗan'uwa mai karatu, in Allah ya sa kana da kanya ko magarya ko mangwaro wanda reshensa ya leƙa hanya, kada ka jira sai an kamo maka yaro. Fita yau ka tara yaran layinku, a gaban maigadinka, ka gaya musu da bakinka cewa abin da ya faɗo ka halatta musu duniya da lahira, ranar da ta nuna kuma za ka sa a kakkaɓe a raba musu, amma jifa da hawan katanga ka hana.